Sunan da Gambo Ya Rubuta wa Bos

Ana gab da magariba Baiwa ta ɗauki kwanon kunu ta nufi shagon mijinta da ke bayan tasha. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce, damina ta yi gardama, rumbunan Matameye sun bushe har ɓeraye sun yi ƙaura. Mazan mutane sun dawo daga ci-rani da buhun masara ko garin rogo. Nata mijin, Gambo, da ya tashi dawowa daga Kano sai ga shi da tele, wato talabijin, da na'urar gem ta wasan bidiyo da ɗan injin wuta. Wai sana'a.

Da farko samari sun cika shagon. Daga baya suka ɗauke ƙafa, amma Gambo bai fasa wuni a ciki ba, ƙofa a rufe. Ya rame, ya daina hira, idonsa ya faɗa. Maƙwabta suka ce ƙwaya ce. Mai faci ya ce rahoto yake haɗa wa sojoji. Ita kuwa Baiwa mace take zargi, kuma zargin yana cin ta.

Hamisu, abokin Gambo, ya taɓa ba ta wani labari daban. Ya ce a cikin kayan da Gambo ya kawo akwai wani faifan wasa marar rubutu. A ƙarshen wasan akwai bos, wato babban abokin gaba, wani matsafi da ba ya taka ƙasa, mai hannu shida, ya tattare gajimaren duniyar wasan ya ɗure a cikin gora. In ya ɗaga yatsa ɗaya, jarumin mutum ya zama toka. Babu wanda ya taɓa ko ƙwarzanarsa. Kafin a fara, wasan yakan nemi suna, samari sukan sa Damisa ko Janar don raha. Gambo, bawan Allah da ba ya iya yi wa ko na'ura ƙarya, sai ya rubuta sunansa na yanka. Nan take wasan ya nemi sunan mahaifiyarsa, abin da bai taɓa tambayar kowa ba. Hamisu ya ce a nan shi ya ɗauki takalminsa ya fice, don in ba boka ba wa ke tambayar sunan uwa? Gambo kuwa ya rubuta.

Baiwa ta saurare shi tsaf, ta ce a ranta aboki ne ke rufa wa aboki asiri. Shi ya sa yau ta zo ba sanarwa.

Hanyar bayan tasha babu kowa. Awaki ma sun shige.

Injin wutar yana waje, shiru. Ta taɓa shi da bayan hannu, sanyi ƙalau. Amma ga haske shuɗi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Sai ƙamshi ya buge ta. Ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Rabon garin da wannan ƙamshi an fi wata tara.

Daga ciki ta ji muryar mace, ƙasa-ƙasa. Zuciyarta ta ce, yauwa, na kama ku. Ta kara kunne a jikin ƙofar langa-langa.

"Sha'aibu."

Sunan Gambo na yanka ke nan. Ta san muryar, har da ɗan tarin da ke bin ta. Inna Hawa ce, uwar Gambo, wadda Baiwa da kanta ta zuba wa masu wankan gawarta ruwa shekara uku da suka wuce.

Kuma Inna ba ta taɓa faɗin wannan suna ba. Sunan surukinta ne aka mayar wa yaron, har ta koma ga Allah Gambo take cewa.

Baiwa ta tura ƙofar.

Yana zaune a kan benci, ya ba ta baya. Hannuwansa a kan cinya, ba ya riƙe da komai. Ƙasan shagon a jiƙe, ruwa har yana taɓa mata yatsun ƙafa. A cikin tele matsafin yana lilo a sama, doguwar rigarsa tana kaɗawa, gorar tana rataye a wuyansa. Ba shi da baki. Wajen bakin fata ce sumul.

"Sha'aibu," in ji Inna, karo na biyu. "Amsa mini mana, ɗana."

Kowa ya san ba a amsa kiran wanda ba a gani ba, balle da magariba. Amma uwa ce. Kafaɗun Gambo suna girgiza, kuka yake. Ta ga muƙamuƙinsa ya motsa.

Ta saki kwanon. Ta faɗa masa ta baya, ta toshe bakinsa da hannu biyu.

Ya cije ta. Ta ji haƙori ya shiga nama, ba ta saki ba.

"Malam, kada ka amsa," ta raɗa masa a kunne. "Yaushe Inna ta taɓa kiran ka haka?"

Jikinsa ya sandare.

A cikin tele, kan matsafin ya juyo a hankali. Ba Gambo yake kallo ba.

"Wace ce nan?" in ji muryar, da taushi. "'Yata, ba gaisuwa? Tuna mini sunanki."

Wallahi saura kaɗan ta durƙusa. Shekara takwas ta yi tana gaida wannan murya kowace safiya, gwiwarta ta saba. Ta cije harshe.

Yatsan matsafin ɗaya ya fara ɗagawa.

Ta fizgi Gambo. Benci ya kife. Ta ja shi da baya a cikin caɓi, hannunta ɗaya yana bakinsa, har suka faɗo waje kan busasshiyar ƙasa. Kira na uku ya biyo su ta ƙofa, kuma a wannan karon babu ko ɗigon Inna a cikin muryar.

Masu tafiya masallaci ne suka tsince su. Da safe Hamisu ya shiga shagon da mutum huɗu, suka tarar da wayar tele a naɗe, ko jona ta ba a yi ba. Suka haƙa rami a hanyar Tsauni suka binne na'urar da faifan. Limamin unguwa ya yi wa Gambo addu'a kwana bakwai, ya ce ya tsira tunda bai amsa ba, amma sunan yana hannun abin. Kada ya ƙara amsa shi, ko daga bakin wa ya fito.

Bayan sati uku aka kawo tallafin gero. Ranar, kwana biyu ke nan 'yarsu Maryama ba ta ci komai ba sai dafaffen ganye. Suka bi layi tun hantsi. Wani soja yana tsaye a kan mota da lasifika, yana kiran magidanta da sunan da ke kan katinsu, wanda ya amsa a auna masa.

"Sha'aibu Lawwali."

Gambo ya dubi Baiwa. Ta kama wuyan hannunsa.

Sojan ya sake kira. Ta ƙura wa bakinsa ido, tana so ta tabbatar shi ne ke magana. Rana ta yi yawa, ba ta iya gani da kyau.

Ya kira na uku, ya jira kaɗan, ya ja layi a takardarsa ya wuce suna na gaba. Gambo ya naɗe buhun da suka zo da shi ya sa a hammata, suka kama hanyar gida.