Sawun Hannu a Jikin Farin Ƙarfe

Rahoton ya iso ofishin 'yan sanda na Troyan da hantsin ranar Asabar. Wata jar motar tsere ta kama da wuta a hanyar da ke hawa dutsen Beklemeto, ta ƙwace daga hannun direbanta, ta daki jikin dutse. Direban, Lyuben Gatev, ya rasu nan take.

Sufeto Yordan Kalchev ya isa wurin tare da Saje Mladen. Sun tarar wani direban motar katako ya riga ya kashe wutar kafin ta cinye injin baki ɗaya.

"Yallaɓai, ai wannan ba ta da wahala," in ji Saje. "Jiya aka ɗaura mata sabon bututun hayaƙi a garejin Stoimen, yau ta kama wuta. Tsoho ya sha ya yi aikin banza. Mu je mu ɗauko shi kawai."

Sufeto ya sunkuya yana duba injin. Sabon bututun na farin ƙarfe ne, mai rassa huɗu da ke fitowa daga jikin injin su haɗe wuri guda kafin su kai ga salansa, kuma zafi ya rine shi da shuɗi da ruwan zinariya. Tiyon mai yana kwance a kan ɗaya daga cikin rassan, ya narke. Maɗaurin da ya kamata ya riƙe tiyon nesa da zafi yana nan a mazauninsa, a buɗe, ba tare da ya karye ba.

"Mantawa ya yi ya rufe shi," in ji Saje.

"Mai yiwuwa ne," in ji Sufeto. "A ja motar zuwa harabar ofis. Kada kowa ya taɓa injin."

Sun sami Stoimen, bakaniken da ya yi aikin, zaune a kan tsohuwar taya a ƙofar garejinsa, da ƙaramar jakar tufafi a gefensa. Ya san abin da ke jiransa idan aka tabbatar sakaci ne: a rufe garejin, shi kuma ya ƙarasa tsufansa a kurkuku.

"Baba Stoimen, ina za ka da jaka?" in ji Sufeto.

"Inda za ku kai ni, ɗana. Duk garin ya gama yanke mini hukunci tun kafin ku iso."

"Garin ba alƙali ba ne. Faɗa mini yadda ka yi aikin."

Stoimen ya faɗa dalla-dalla. Ya jiƙa tsofaffin notina da mai har tsatsarsu ta saki, ya cire tsohon bututun na baƙin ƙarfe, ya kankare bakin injin, ya ɗaura sabon, ya matse notinan daga tsakiya zuwa gefe. Da ya ga sabon bututun ya fi tsohon kusantar tiyon mai, sai ya janye tiyon ya ɗaure shi a jikin bango.

"Da hannuna na rufe maɗaurin nan, na kuma ja shi na gwada. Daga nan na sa safar hannu na goge bututun tas da slivova."

Saje ya yi dariya. "Barasa? Yanzu har motoci kuke shayarwa?"

"Kai dai da ka ga kwalba sai makogwaronka. Farin ƙarfe ba ya yafiya, Saje. In ka taɓa shi da hannu mai maiƙo kafin a kunna injin karon farko, zafi zai gasa sawun a jikinsa, ba ya fita har abada. Shi ya sa na ce wa kowa, duk wanda ya taɓa zan karya masa yatsu."

"Me ya hana a kunna ta jiya?" Sufeto ya tambaya.

"Lyuben ne. Ya ce sai da safe, lokacin da mutane suka cika dandali, don kowa ya ji muryarta. Sai muka tsallaka gidan abincin maƙwabta, ya yi mana walimar sabon abu."

"Ka kulle garejin?"

"Na kulle."

Sufeto ya taka zuwa ƙaramar ƙofar gefe, wadda ke buɗewa ga farfajiyar gidan abincin. Ya tura ta da yatsa ɗaya, ta buɗe. Sakatarta ta daɗe da lalacewa.

Stoimen ya sunkuyar da kai. "Babbar ƙofa na kulle. Wannan kam tun matata na da rai take haka. Na ji tsoro ne in faɗa, kada a ƙara mini laifi."

Nevena, matar mamacin, ta karɓe su a ɗakin girki sanye da baƙaƙen kaya. An lulluɓe madubin zaure da ƙyalle saboda makoki.

"Su wa ke teburin jiya?"

"Ni da shi, da Baba Stoimen, da kum ɗinmu Kostadin, wato uban aurenmu, wanda ya riƙe mana kambi a coci ranar aurenmu."

"Akwai wanda ya tashi daga teburin?"

"Babu."

"Madam, ki gafarce ni, amma maƙwabta sun ce sun ji kin rantse za ki cinna wa motar nan wuta."

Ta ɗago jajayen idanunta. "Na faɗa. Ya sauya mata taya, ya sauya mata kujeru, ni kuwa rufin ɗakina na yoyo tun bara. Amma ban san inda ake buɗe murfin injin ba ma, Sufeto."

"To ki taimaki kanki, ki taimaki tsohon nan. Wa ya tashi?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ba a kai ƙarar kum," ta ce a hankali. "Uwata ta ce ko gidanka ya ƙona, sannu za ka ce masa. Kostadin ne ya ce zai fita ya sha taba. Sai da muka dawo gida na tuna likita ya raba shi da taba tuntuni."

"Kafin ya fita, me aka ce?"

"Wasa ne Lyuben ya yi. Ya ce, 'Kum, gobe in ka ji tawa, za ka ɗauka taka tsohuwa ce mai tari.' Kowa ya yi dariya. Kostadin ma ya yi."

A hanya Saje ya ba Sufeto labarin Kostadin, wanda babu ɗan garin da bai sani ba. Shekaru da yawa shi ne gwanin tseren hawan dutsen. In shuɗiyar motarsa ta taso, masu shan kofi kan ajiye kofuna su fito bakin titi. Lyuben a kujerar gefensa ya koyi tuƙi, yana riƙe masa hular kwano, kafin ya tafi Jamus aiki ya dawo da jar motar.

Sufeto ya sa aka ɗaga motar a harabar ofis, ya aika aka kawo Stoimen. Ya shiga ƙarƙashinta da tocila yana bin rassan ɗaya bayan ɗaya. A bayan reshen da ke kusa da maɗaurin, inda wutar ba ta kai ba, ya ga wani tabo mai ruwan ƙasa a cikin shuɗin ƙarfen. Sawun yatsu huɗu ne na hannun hagu, kamar na wanda ya dafa don ya miƙa ɗayan hannun ciki. Ɗaya daga cikin yatsun bai kai rabin tsawon 'yan uwansa ba.

"Baba Stoimen, yaushe za a iya barin wannan?"

"Bayan na goge, kafin a kunna. Bayan an kunna, wanda ya dafa nan fatarsa zai bari, ba sawu ba." Tsohon ya ƙara matsowa, sai ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. "Ya Ubangiji. Ni na naɗe yatsan nan da tsumma ranar da bel ɗin inji ya datse shi."

"Kwance mini bututun," in ji Sufeto. "Sa safar hannunka."

Sun sami Kostadin a gidan abincin yana tsara abincin makoki da mai gidan, da baƙin ƙyalle a hannun rigarsa. Hannunsa na hagu yana cikin aljihu.

"Sufeto, ka zo daidai. Tsohon nan ya kashe mini yaro, har yanzu yana yawo?"

"Ka shiga garejin jiya?"

"Me zan shiga yi? Daga bakin ƙofa na hango abin, wani ƙyale-ƙyale na 'yan gayu. Mu a zamaninmu da baƙin ƙarfe muka ci tsere."

"Da ka tashi daga tebur, ina ka je?"

"Shan taba."

"Wace iri?"

Kostadin ya kawar da kai. Sufeto ya ci gaba.

"Me kuka ci jiya?"

"Gasasshen nama. Yanzu cin nama ma laifi ne?"

"Da cokali mai yatsu?"

"Wa ke cin haƙarƙari da cokali?"

Sufeto ya yi wa Saje alama. Saje ya shigo da bututun naɗe a bargo, Stoimen na biye da shi. Aka ajiye shi a kan teburin, aka juya shi, sawun ya fuskanci Kostadin.

"Baƙin ƙarfen da ka saba da shi ba ya riƙe sawu," in ji Sufeto. "Wannan yana riƙewa. Fito da hannunka na hagu, ka ɗora a nan."

Kostadin ya dubi tabon, ya dubi Stoimen. Bai ɗora ba. Ya fito da hannun ya ajiye a kan teburin, da guntun yatsan a fili, sannan ya zauna.

"Motar nake so ta ƙone," ya ce. "Motar kawai. Na ɗauka a dandali za ta kama, a gaban kowa, ya fito da gudu a yi masa dariya yadda aka yi mini. Ban san tiyon zai jure har kan dutse ba."

"Saboda wasa ɗaya a tebur?"

"Wasa? Ni na koya masa inda ake taka birki a kowace kwana ta dutsen nan. Hulata yake riƙe mini! Ya dawo, yara suka daina zagaye motata. Wanda ke ce mini gwani jiya, yau sai ya ce, 'Kum ɗin Lyuben, sannu.' Abu ɗaya ya rage mini a garin nan, in na taso a ji ƙarar motata a san ni ne tun daga gada. Wannan ƙarar ma ya aika ƙasar waje aka kawo masa a kwali."

"Kuma ka yarda tsohon nan ya tafi kurkuku a madadinka."

Kostadin ya miƙe tsaye.

Saje ya fito da ankwa. Da suka kai bakin ƙofa, Kostadin ya tsaya ya waiwayo.

"Stoimen, ban zo dandali da safe ba. Rufe tagogina na yi. Yaya muryarta take?"

Tsohon ya ja bargon ya rufe bututun.

"Har mai gashin burodi ya bar tanda ya fito," ya ce.

Kostadin ya gyaɗa kai. Saje ya buɗe masa ƙofar baya ta motar 'yan sanda, ya shiga.