Amaryar da Aka Ƙetarar a Jirgi

Ana cikin ƙunsa wa Habi lalle a tsakar gida sai ga Gwaggo Asabe, ko sallama babu, ta sa ƙafa ta ture ƙwaryar.

"Mi nika ji? Wai da mota za a kai amarya, a zagaya ta bisa dam?"

"Gwaggo, Zayyanu ya riga ya yi shatar bas, har direba—"

"Rufe min baki! Ni ce ƙanwar ubanki, ni ka kai ki ɗaki. Da jirgi anka ƙetare da ni, da jirgi za ki ƙetare. In ba haka ba, aure ya tsaya nan!"

Kowa a gidan ya san ba al'ada ce ta dami matar nan ba, ramuwa take nema. Habi tana 'yar shekara bakwai jirgi ya kife da su a gulbin Rima suna dawowa daga gonar albasa, ita da Kulu, ɗiyar Asabe tilo. Hannun Kulu yana cikin nata ruwa ya fizge ta. Aka tsamo Habi da rai, Kulu kuwa sai gawa. Tun ranar ko bakin rafi Habi ba ta zuwa, Asabe kuma ba ta sake amsa gaisuwarta ba. Kai, wasu mutane da riƙo suke!

Da la'asar Zayyanu, angon, ya zo ƙofar gida ransa a ɓace.

"Ki hau mashin mu wuce, Habi. In ga mai tare mu!"

"A'a. Gwaggo ɗiya ta rasa, kuma ni na saki hannun."

"Shekararki bakwai fa!"

"Na sani. Zan shiga jirgin," ta faɗa tana share hawaye.

Ranar kai amarya gulbi ya cika ya batse. Habi ta zauna a lulluɓe, Asabe na gefenta, Mode mai fito yana tuƙi. Can ƙetare Zayyanu ke tsaye da abokansa. Suna kaiwa tsakiya Asabe ta yaye mata lulluɓi, ta miƙe tsaye don ta ji daɗin nunawa.

"Buɗe ido ki duba! Nan kinka bar min ɗiya! Nan—"

"Zauna, Inna! Ba a tsayuwa cikin jirgi!" Mode ya daka tsawa.

Ina! Jirgi ya karkata, Asabe ta faɗa tsundum. Habi ba ta san lokacin da ta kife a gefen jirgin ta cafke wuyan hannunta ba. Ruwa na ja, tana ja, har katako ya goge mata haƙarƙari.

"Sake ni, za ki biyo ni!"

"Ba ni saki! Wallahi ba ni saki!"

Da ƙyar Mode ya kamo zanen Asabe suka jawo ta ciki. Ta daɗe tana tari tana amayar da ruwa, sannan ta ɗago ta dubi yarinyar da ta tsana shekara da shekaru.

"Haka ruwanga ya ja Kulu?"

"Haka, Gwaggo."

"Ke babba, da ƙato mai jirgi, da ƙyar kunka ƙwato ni. To ɗiyar shekara bakwai fa?" Sai ta fashe da kuka, ta rungume ta. "Ki yafe min, ɗiyata. Ba ke ba ce, ba ke ba ce!"

Habi ma ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Haƙurinta ya ba ta miji, ya dawo mata da uwa. Wanda Allah Ya tsirar bai yi wa kowa laifi ba, kuma mai riƙon ramuwa kansa yake fara cuta.

Da jirgi ya taɓa gaci Zayyanu ya miƙo hannu. Asabe ta doke shi.

"Kauce, yaro. Ni ka kai ta ɗaki."

Ta riƙe hannun Habi gam, ba ta sake shi ba har ƙofar ango.