Ɗan Akuyar da Uwarsa ta Ci Leda

A garin Sule Tankarkar akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da akuya ja, kyautar kakarta Iya. Akuyar ta haifi ɗa guda.

Ran kasuwa yarinyar ta sayo awara. Ta cinye, ta yar da ledar a tsakar gida. Akuya ta ji ƙanshin mai, ta haɗiye ledar. Cikinta ya kumbura, ta daina cin harawa. Ba a jima ba ta mutu.

Yarinyar ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ba ci, ba magana, ba makaranta. Ɗan akuya kuwa yana ta kuka a turke.

Iya ta ɗaga labule.

"Ke 'yar nan, zaman makokin ya isa haka."

"Iya, ni na kashe ta."

"Ledarki ce, wannan gaskiya ne. Ba zan ɓoye miki ba. To, da gangan kika yi?"

"A'a."

"To zauna sosai. Ja numfashi. A hankali mana, ba gudu ake ba! Sake shi. Ƙara."

Ta ja, ta saki. Sai kuka ya ɓalle mata. Iya ba ta hana ta ba, bayanta kawai take shafawa.

"Yanzu faɗi abin da ke cin ki."

"Kullum ina ganin cikinta a kumbure. Ƙirjina kamar an ɗora dutse."

"Yauwa, kin faɗa, ya rage nauyi. Saura aiki. Kina jin wancan kukan? In kika kwanta har gobe, shi ma ya tafi."

Yarinyar ta miƙe, jiri na ɗibarta. Iya ta ba ta kunu ta sha tukuna. Sannan suka roƙo nonon akuya a maƙwabta. Yarinyar ta tsoma yatsa a nonon ta sa wa ɗan akuyar a baki. Ya ƙi. Ta ja numfashi, ta sake gwadawa. Can sai ya kama tsotso, bindinsa na kaɗawa.

"Ji ɗan banza!" in ji Iya. "Ci kamar ke."

Dariya ta kufce wa yarinyar.

Washegari ta tsince ledojin gidan kaf, ta ɗauki jaka ta tafi makaranta. Ɗan akuya ya rayu, ya yi ƙiba har yana tunkuyin Iya.

Yara, in baƙin ciki ya danne ku, kada ku kulle kanku a ɗaki. Ku ja numfashi, ku faɗa wa babba, ku tashi ku gyara abin da ya saura.