Zarton da Ya Ƙi Ci

Karo na uku ke nan a mako guda da Dogo mai gyaran famfo ya shigo shagon kayan aiki neman ruwan zarto. Zartonsa na batir ne, irin wanda ruwansa ke zagaye tayoyi biyu kamar bel, da shi yake yankan bututun ƙarfe. Yau bai tarar da mai shagon ba, sai 'yarsa Auta.

Ta karɓi tsinkakken ruwan, ta jujjuya shi.

"Malam, yanka kake yi da shi ko kokawa?"

Ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Ta sa ya kwantar da zarton a kan kanta. Ta zare batir ta ajiye can gefe, ta sa safar hannu, ta ɗaga ƙarfen da ke sassauta ruwan. Garin ƙarfe duk ya daskare a kan robar tayoyin. Tana sharewa da buroshi tana faɗa masa cewa ba a danna zarto, nauyinsa ya ishe shi, kuma in an tashi aiki a sassauta ruwan ya huta. Ko rabi Dogo bai ji ba. Hannunta yake kallo.

Ruwan bai ƙara tsinkewa ba, amma Dogo bai daina zuwa ba. Yau buroshi, gobe tabarau, jibi ba dalili. In bai zo ba sai saƙo:

"Autata, na share tayoyin, na sassauta ruwan. Ni ne dai na kasa hutawa."

Ta amsa: "Sarkin gaggawa, je ka ci abinci tukuna. Ina nan, ba inda za ni."

Baba, mahaifin Auta, yatsu uku ne suka rage a hannunsa na hagu. Wata rana ya hangi Dogo a ƙofar shago yana canza ruwa, batir a jikin inji, hannu ba safa, waya maƙale a kunne. Da ya koma gida ya gaya wa Auta cewa wanda bai ji tausayin yatsunsa ba, ba zai ji tausayin 'yar wani ba. Ya ce in aure take so ga ɗan ƙanwarsa mai wayarin, wato haɗa wutar lantarki, yaro mai natsuwa, sai ya gwada wayar wuta sau biyu kafin ya taɓa ta.

Labari ya kai kunnen Dogo. Ya zo shagon ransa a jagule, sai ya hangi Auta da mai wayarin sun haɗa kai a kan wani zarto suna dariya. Daga bakin ƙofa ya juya.

Kwana tara bai leƙo ba. Ya auna bututu ya yanke ba daidai ba, ya sake aunawa. Ya ɗauki waya ya ajiye, ya sake ɗauka. A rana ta goma saƙonta ya shigo:

"Yayana ne fa, zartonsa ya kawo gyara, kai kuma ka juya kamar an kore ka. In ka fasa, ka faɗa min da bakinka. In ba ka fasa ba, Baba yana shago gobe da safe."

Ya je. Ya durƙusa ya gaida Baba. Tsohon bai tambaye shi asali ko sana'a ba. Ya tura masa nasa zarton da sabon ruwa a naɗe, ya ɗaure guntun bututu a kan benci, ya koma ya zauna. Auta na bayan kanta tana jera kayan da suke a jere tun safe.

Dogo ya cire batir, ya sa safa da tabarau, ya sassauta, ya share tayoyin. Ya warware sabon ruwan nesa da fuskarsa, ya zura shi, ya ɗaure. Ya mayar da batir ya kunna.

Zarto ya ƙi ci. Sai ƙara yake yana zamewa, bututu na sheƙi yana ɗaukar zafi. Kafaɗar Dogo ta fara dannawa da kanta. Ya saki makunnin, ya zare batir, ya duba. Ashe baya haƙoran ruwan suke kallo. Wajen warwarewa ruwan ya juye bai lura ba.

"Ko ruwan ne ba shi da kyau?" in ji Baba. "Wani lokaci haka suke zuwa."

Dogo ya girgiza kai. "A'a, Baba. Ruwan lafiyarsa ƙalau. Ni na sa shi a juye."

Ya fitar da shi, ya juya cikinsa waje kamar yadda ake juya safa, ya mayar. Wannan karon bututun ya rabu biyu ba gardama.

Baba ya ɗauki guntun da ya faɗi, ya daɗe yana shafa bakinsa.

"Ni ranar da na ji irin wannan ƙarar ban tsaya ba, hannu na kai. Kuma shekara guda na yi ina zagin injin." Ya ajiye ƙarfen. "Ka turo manyanka."

Wani kwali ya suɓuce daga hannun Auta, kusoshi suka watse a ƙasa. Ba wanda ya yi mata faɗa.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Ɗaki ɗaya ne da falo, ko labule ba a rataya ba ranar da ta tare. Da 'yan rakiya suka watse, ta riƙe masa kujera ya hau zai rataya labulen, tana cewa ango ya ɗan ɗaga ta hagu, a'a, ya yi yawa, shi kuma yana bi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kiyaye hannun da ke nemo musu abinci.