Ruwan Zuma a Wilin Baba

"Baƙi! Na ce baƙi za a fesa!" Yaya ya daki teburin falo.

Mama ta share ƙwalla. "Ni dai a mayar da ƙafafun motar nan launin da babanku ya yi musu."

"Wane launi, Mama? Tsatsa ta cinye, ke kanki kin manta!"

Auta na raɓe a bakin ƙofa. Saurayinta mai fentin mota ne, shi aka ba wa aikin motar marigayin, ga shi durƙushe yana zufa. Tun rasuwar Baba kuwa maganar aurenta a hannun Yaya take.

Yaya ya nuna shi da makulli. "Malam, in na ga wani launi ba baƙi ba, ka manta hanyar gidan nan!"

Kai, wannan bawan Allah ya ga ta kansa! In ya bi Yaya ya ƙona ran Mama, in ya bi Mama ya rasa Auta. A gareji ya goge wilin ƙafafun huɗu tas, amma ya ƙi haɗa fenti. Kullum sai Auta ta kira tana kuka.

"Don Allah ka fesa baƙin mu huta!"

"Ki ƙara haƙuri. Ba zan shiga gidanku da hawayen Mama ba."

Ranar da Yaya ya faɗo garejin yana huci, mai fenti ya shanye zagin duka, sannan ya buɗe but ɗin motar ya ɗago safayar taya.

"Yaya, jiya na ciro ta. Duba ka gani, in ka ce baƙi, yanzu zan fesa."

Rana ba ta taɓa dukan wilin ba, yana nan da launinsa ruwan zuma. A gefe guda ga shatin 'yan yatsu biyar, ƙanana, sun bushe cikin fentin.

Yaya ya ɗora hannunsa a kai.

"Yatsuna ne... Ina yaro na taɓa kafin ya bushe. Na zaci duka zan sha, sai Baba ya yi dariya ya ce a bar masa haka."

Ya fashe da kuka. Da ƙyar ya ce, "Haɗa irinsa. Wannan kuma kada ka taɓa shi, ƙanina."

Ƙanina! Da Auta ta ji labari, ita da Mama suka rungume juna.

Da ya yi gaggawar faranta wa mutum ɗaya, da ya rasa ɗayan. Haƙurinsa ne ya ba shi Auta, ya kuma ba shi Yaya.