Miyar da Kaltumi Ta Zubar

Kaltumi ta ɗaga tukunyar ta juye miyar a kwata, Hajiya Aliya na tsaye tana kallo.

"Miyar uwata kika zubar?"

"An ƙara mata gishiri, Hajiya. Ba zan kai mata ba."

Kaltumi ce mai girki a gidan kula da tsofaffi na Diffa. Kowane tsoho da tsarin abincin da likita ya yanka masa, ita kuma ba ta ragewa, ba ta ƙarawa. Ya Gana, mahaifiyar Aliya, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, aka hana ta gishiri da magi da kanwa. Kullum sai ta ture kwano ta ce ruwan kogin Komadugu ya fi miyar nan ɗanɗano. Kaltumi ta durƙusa ta yi ta lallashi har ta ci.

Wajen lallashin nan ne autan tsohuwar, Babakura mai fataucin tattasai, ya fara zuwa, son Kaltumi ya hana shi tafiya...

Aliya kuwa Nadiya, ƙanwar mijinta, take so ya aura. Nadiyar ce ta faki ido ta barbaɗa gishirin, don tsohuwa ta ci ta yaba, a ce hannunta ne.

Aliya ta rantse Kaltumi mai taurin kan nan ba za ta shigo zuri'arsu ba. Babakura ya bi Kaltumi madafa.

"Farin cikina... ki ba Yaya haƙuri. Sau ɗaya ne fa."

"Sau ɗayan zai iya sake kwantar da ita." Ta dube shi ido cikin ido. "In sai na cuci mahaifiyarka zan same ka, na haƙura da kai."

Ya juya ya fita.

Da maganar ta kai kunnen Ya Gana, ta sa aka tara su. Ta dubi ƴarta.

"Ku da kuke ba ni abin da nake so, kun riga kun sallama ni. Yarinyar nan kaɗai ke faɗa da ni kamar mai sauran kwana."

Ta juya ga ɗanta.

"In ka bari ta kuɓuce maka, kada ka ƙara gaishe ni!"

Bayan an cire tattasai a gonaki aka ɗaura auren. Ya Gana ta je ɗakin amarya da ƙafarta, hannu ɗaya a kan sanda, ɗayan a kafaɗar Aliya.