Akwatin Shinkafar Kawu Tanimu

A duk zuri'armu mutum ɗaya ne ya taɓa zaluntar aljani. Shi ma da shinkafa ya yi, ko gishiri babu.

Kawu Tanimu ke nan, mai ilimin kimiyya, wanda in aka ambaci iskoki sai ya ce zazzaɓi ne. Gonarsa ta gaji, takin zamani ya daina yi mata komai. Sai ya koyo wata dabara ta manoman Koriya. Ka dafa shinkafa da ɗan tauri, ka zuba a akwatin katako, ka rufe, ka ajiye cikin ruɓaɓɓen ganye a kurmi na 'yan kwanaki. Ƙananan halittun ƙasa su hau ta, ta yi farar fumfuna. Ka cuɗa da mazarƙwaila, ka kai wa gona ta farfaɗo.

Inda ganye ya fi ruɓa shi ne gindin tsohuwar kanya, a kurmin bayan gari. Can ya kai nasa akwatin. Ana dab da shuka, akwatin nan kaɗai ya rage masa.

Da kwanakin suka cika ya koma, rana tsaka. Kurmin tsit. Ko kurciya babu.

Wani tsoho na zaune gaban akwatin, ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga.

"Sannu, Baba."

"Jikan Hajjo. Ka iso."

Muryar ba daga bakinsa ta fito ba. Daga ɗan bayansa ta fito. Tsohon ya miƙe ya ba shi wuri, busasshen ganye bai ce ƙas ba. Kawu ya dubi ƙasa. Dugadugan tsohon ne a gaba.

"Tun da kakarka ta rasu ba wanda ya kawo mana ko loma," in ji tsohon. "Na ce wa yara, gidan Hajjo ba su manta ba."

Kawu ya dubi akwatin. "Ba ku ci ba?"

"A buɗe abincin mutum bai ce bismilla ba? Ba haka aka rene mu ba. Na dai zauna ina korar gafiya."

"Tun ranar?"

"Ai ba nisa."

Kawu ya durƙusa ya ɗaga murfin. Fumfuna fara sol, kamar auduga, irin wadda bai taɓa gani ba ko a hoto. Murna ta taso masa, kunya ta danne ta.

Tsohon ya leƙa.

"Ta lalace," ya ce a hankali. "Laifina ne. Ban iya tsaro ba."

Nan ne ya kamata Kawu ya faɗi gaskiya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Bari in kai gida in sako sabuwa."

"Kada ka wahalar da kanka."

"Yanzu zan dawo, Baba."

Tsohon ya koma ya zauna, ya gyara hannun riga.

Kawu ya rungumi akwatin. Bai yi gudu ba, a cewarsa. Takalminsa ɗaya dai yana can.

Gonar ta yi dawar da har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo. In an yaba, sai ya kau da kai. In an dafa shinkafa a gidansa, sai ya ce ya ƙoshi. Sau da yawa an ga ya cika kwano ya nufi kurmin, ya tsaya a bakin hanya, ya juyo.

Saboda haka kada wanda ya bi hanyar kanyar nan shi kaɗai. In ta kama dole, kada ku riƙe komai mai murfi.

Shi Kawu har gobe yana cewa rana ce ta buge shi. Dawar kuwa ko ƙwaya bai taɓa ci ba, ta kasuwa yake saya.